Likita a fannin sarrafa bayanan lafiya: ta wace ƙofa za ka shiga?

Likitan da ya fara tunanin karkata zuwa fannin sarrafa bayanan lafiya, wanda ake kira infomatiks, galibi ɗayan abu biyu ne ke tunzura shi. Wani manhajar asibitinsu ce ta ishe shi, kullum yana latse-latse yana tsaki, har ya fara jin cewa da za a ba shi dama da ya gyara ta. Wani kuwa kwanan asibiti da cunkoson majinyata ne suka ci ƙarfinsa, yana neman aikin da zai riƙa komawa gida da sauran rana. Na farkon yana ɗauke da abin da fannin ke nema. Na biyun babu mai ganin laifinsa, amma gara ya san abin da zai tarar kafin ya rubuta takardar barin aiki.

Ana buƙatar likitoci a wannan fanni, wannan kam babu ja. A Amurka, a 2008, asibitocin da ke da kundin majinyaci na kwamfuta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Da dokar HITECH ta 2009 ta zuba kuɗi a harkar, zuwa 2015 kashi 96 sun mallaki manhajar. Shigowar tata ba ta zo da sauƙin da aka yi fata ba. Wani bincike da Christine Sinsky da abokan aikinta suka buga a 2016 ya bi likitoci 57 yana lura da yadda suke kashe lokacinsu a asibiti, ya gano cewa duk awa ɗaya da suka yi gaba da gaba da majinyaci, sai sun yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Wanda zai rage wannan nauyi dole ya san yadda ake duba majinyaci, ya kuma san yadda manhajar take a ciki. Irin waɗannan mutane ba su da yawa.

Hanyoyi huɗu zan auna, sai ta biyar da zan taɓa a taƙaice.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, abin da za ka kashe. Kuɗin makaranta ƙaramin ɓangare ne a lissafin likita. Babban abin shi ne albashin da za ka rasa a shekarun da kake koyo, da kuma matakin girma da abokan karatunka za su taka su bar ka.

Na biyu, ɗorewa. Wani ilimin a wannan fanni yana tsufa cikin 'yan shekaru, wani kuwa ya girmi masu amfani da shi. Yaren kwamfuta na MUMPS an ƙirƙire shi ne a 1966 a babban asibitin Massachusetts, kuma har yau zuriyarsa ce ke ƙarƙashin manhajojin kundin majinyaci irin su ta kamfanin Epic da VistA ta asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Ƙungiyar HL7, mai tsara yadda manhajoji ke aika wa juna saƙo, tun 1987 take. LOINC, mai ba kowane gwaji lambarsa, tun 1994. Wanda ya fahimci waɗannan ƙa'idoji, da SNOMED CT da ICD masu ba cututtuka lambobi, da kuma FHIR, ƙa'idar musayar bayanai tsakanin manhajoji wadda Grahame Grieve ya faro a 2011, zai daɗe yana cin moriyarsu ko ina ya je. Wanda duk iliminsa bai wuce inda maɓallai suke a manhajar kamfani ɗaya ba, ranar da asibitin ya sauya kamfani zai koma ɗan koyo.

Na uku, sauƙin shiga. Na huɗu, haɗari, wato abin da zai iya rushewa ba da laifinka ba.

Na biyar shi ne ya fi nauyi a wurina: shin hanyar tana barin ka kana duba majinyata, ko aƙalla tana barin ƙofar komawa a buɗe? Abin da likita ke kawowa teburin injiniyoyi shi ne sanin yadda aiki ke gudana a gefen gado da ƙarfe uku na dare, da kuma amincewar da sauran likitoci da ma'aikatan jinya suka yi masa. Waɗannan biyun suna raguwa daga ranar da ya daina shiga ɗakin majinyata. Bayan 'yan shekaru, injiniyoyi na ganinsa a matsayin likita, likitoci kuma na ganinsa a matsayin mutumin ofis, shi kuma yana ba da shawara a kan aikin da ya riga ya sauya a bayansa.

Yadda aikin yake a kusa

A ce babban likitan ƙoda ya zo ya ce yana son manhaja ta riƙa gargaɗi duk lokacin da aka rubuta wa mai raunin ƙoda allurar gentamicin. Magana ce mai kyau, kowa a ɗakin taron zai gyaɗa kai. Aikinka daga nan yake farawa. Wane gwajin ƙoda za a duba, na jiya ko na makon jiya? Idan ba a taɓa yi wa majinyacin gwajin ba fa, a yi shiru ko a yi gargaɗi? Jarirai, waɗanda ma'auninsu daban ne, a saka su ko a cire su? Wanda ake yi wa wankin ƙoda, wanda kullum sakamakonsa a sama yake kuma likitansa ya sani, shi ma sai an dame shi da gargaɗin? Wa zai ga saƙon, mai rubuta maganin, ko mai haɗa shi, ko nas ɗin da za ta yi allurar? A bar likita ya tsallake, ko a tare shi sai ya ba da dalili? Bayan an kunna, wa zai dawo bayan wata uku ya ƙirga sau nawa gargaɗin ya fito da sau nawa ya sa aka sauya magani?

Wannan tambayar ta ƙarshe ita aka fi mantawa. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike da dama ya nuna likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magunguna. Kowane gargaɗi maras amfani da ka ƙara yana koya wa mutane su latsa ba tare da sun karanta ba, har ranar da mai muhimmancin zai fito. Don haka babban ɓangaren aikin taro ne, da lallashi, da iya ce wa wanda ya girme ka a'a ba tare da ya ji an raina shi ba. Mai tsammanin zai zauna shi kaɗai da kwamfuta ya huta da mutane zai sha mamaki.

Hanya ta farko: ka zauna a asibitinka, a ware maka kwanaki

A nan ba ka barin aikinka. Kana shiga kwamitin da ke kula da kundin majinyaci, kana gwada sabbin sauye-sauye kafin a sake su, kana koyar da abokan aiki, sannu a hankali a ware maka kwana ɗaya ko biyu a mako. Ƙarshen wannan hanya shi ne muƙamin babban likita mai kula da bayanai, wanda Amurkawa ke kira CMIO, mutanen Ingila kuma CCIO.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi. Albashinka na nan. Ilimin da ke cike giɓi ana samun sa a gajerun kwasa-kwasai. Ƙungiyar AMIA ta masana wannan fanni a Amurka tana da shirin 10x10, wanda William Hersh ya faro a 2005 a jami'ar lafiya ta jihar Oregon, ana yin mafi yawansa ta intanet. A Ingila, bayan rahoton Robert Wachter na 2016 ya nuna ƙarancin likitocin da za su jagoranci harkar, an kafa NHS Digital Academy, makarantar hukumar lafiya ta ƙasa wato NHS, don horar da masu riƙe da irin waɗannan muƙamai suna kan aikinsu. Asibitocin da ke amfani da Epic kuma sukan tura likitocinsu horon kamfanin don su iya gina wasu sassan manhajar da hannunsu.

Ƙarfin wannan hanya shi ne kai ma kana amfani da abin da ka gina. Ranar Litinin ka amince da sabon fom ɗin sallamar majinyaci, ranar Laraba kai ne za ka cike shi ana jiran ka a ƙofa. Tarihin fannin ya nuna amfanin irin wannan mutum. A farkon 2003 asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles ya dakatar da tsarin rubuta magani ta kwamfuta 'yan watanni bayan kunna shi, saboda likitoci sun ƙi shi, sun ce yana cin lokacinsu. Mafi ɗaci shi ne abin da aka buga a mujallar Pediatrics a 2005 daga asibitin yara na Pittsburgh. An kunna tsarin cikin kwanaki shida, kuma a cikin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci cikin mawuyacin hali, mace-mace ta tashi daga kashi 2.8 zuwa 6.57 cikin 100. Daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo, a da ana rubuta magungunan yaro tun yana hanya, amma sabon tsarin ba ya barin a rubuta komai sai an yi masa rajista, sannan an kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin kulawa an mayar da su babban kantin magani na asibitin. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi binciken, amma shekara guda bayan haka asibitin yara na Seattle ya buga nasa sakamakon da manhajar kamfani ɗaya, bayan ya koyi darasi daga Pittsburgh ya shirya da likitocinsa, bai ga ƙarin mace-mace ba. Duk likitan da ya taɓa karɓar yaro daga motar asibiti zai iya hango matsalar rajistar nan tun a ɗakin taro, idan an kira shi kuma an saurare shi.

Haɗarinta biyu ne. Ɗaya, a ɗora maka aikin a kan cikakken aikinka na asibiti, babu ragi babu ƙari, sai yabo. Ka tabbata an rubuta kwanakin a takardar aikinka, an kuma rage maka majinyata daidai da su, in ba haka ba za ka wayi gari kana aiki biyu da albashi ɗaya, ga shi duk wanda kwamfutarsa ta maƙale kai zai kira. Biyu, iliminka ya tsaya a manhajar asibitinku kaɗai. Maganin wannan shi ne ka tilasta wa kanka koyon ƙa'idojin da na ambata a sama, ko da aikin yau bai nema ba.

Hanya ta biyu: cikakken horo ko digiri na biyu

Wannan ta kasu gida biyu, kuma bai kamata a haɗa su ba.

A Amurka, an amince da infomatiks na asibiti a matsayin reshen ƙwarewar likitanci a 2011, aka yi jarrabawar farko a 2013, aka fara tantance cibiyoyin horo a 2014. Horon na shekara biyu ne, kuma likitan kowane fanni na iya shiga, ko na yara ne ko na tiyata ko na ɗakin gwaji. Ba ka biyan kuɗin makaranta yadda ɗalibi ke biya, ana ma ba ka albashi, amma albashin mai neman ƙwarewa ne. Ga wanda ya riga ya zama babban likita, bambancin shekara biyun nan kuɗi ne masu yawa. A da akwai hanyar zama jarrabawar ta hanyar nuna shekarun aiki kawai, an yi ta tsawaita ta har zuwa 2025, kuma manufar tun farko ita ce horon ya zama ƙofa ɗaya tilo. Sharaɗin da ya kamata likitan wata ƙasa ya lura da shi: sai kana da shaidar ƙwarewa ta Amurka a wani babban fanni kafin a ba ka wannan. Wanda bai yi horonsa a can ba, wannan shaida ba tasa ba ce.

Ga sauran duniya, abin da ke hannu shi ne digiri na biyu a fannin infomatiks na lafiya: shekara ɗaya a yawancin jami'o'in Birtaniya ga mai cikakken karatu, kusan biyu a Amurka, ko biyu zuwa uku ga mai haɗawa da aiki. A nan kai ke biya, kuma ingancin ya bambanta ƙwarai. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi jerin darussan ka duba abu uku. Akwai aikin da za ka yi a cikin asibiti na gaske da bayanai na gaske? Za a sa ka zauna ka ciro bayanai daga rumbu da hannunka, ka yi musu lissafin ƙididdiga? Masu koyarwar sun taɓa kunna manhaja a asibiti suka kwana da matsalolinta? Digirin da duk darussansa jagoranci ne da tsare-tsare zai ba ka kalmomin fannin, amma ba zai sa ka iya gane lokacin da injiniya ke gaya maka abin da ba haka ba.

Ɗorewar wannan hanya ita ce mafi kyau, domin tushe take koyarwa. Haɗarinta shi ne ka fito da takarda ba ka da aikin da za ka nuna. Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni sun fi tambayar me ka taɓa kunnawa, mutum nawa suka yi amfani da shi, me ya lalace, yaya ka yi. Shi ya sa nake ganin digirin ya fi albarka idan ya biyo bayan shekara ɗaya ko biyu a hanya ta farko, lokacin da ka riga ka san tambayoyin da kake neman amsarsu.

Hanya ta uku: kamfani

Ita ce ke da ƙyalli, ita ce kuma ta fi buƙatar a tsaya a yi lissafi. Ayyukan likita a kamfani sun haɗa da ba masu gina manhaja shawara, da rakiyar masu talla zuwa asibitoci, da kula da amincin majinyaci. Wannan na ƙarshen aiki ne na gaske mai nauyi. A Ingila, ƙa'idojin DCB0129 da DCB0160 sun wajabta wa kamfanin da ke gina manhajar lafiya da kuma asibitin da ke kunna ta su naɗa jami'in aminci, wanda dole ya zama ma'aikacin lafiya mai rajista. Ka lura, lasisinka ake buƙata. Idan ka bar shi ya mutu, ka zubar da abin da aka ɗauke ka dominsa.

Manyan kamfanoni daban, masu tasowa daban. Epic, wanda Judy Faulkner ta kafa a 1979 a jihar Wisconsin, ya daɗe yana tsaye. Amma girma ba ya hana girgiza: Oracle ta saye Cerner, wani babban kamfanin manhajar asibiti, a 2022 a kan kusan dala biliyan 28, kuma duk sayen kamfani yana zuwa da sauye-sauyen ma'aikata. A 2022 ɗin ne kuma IBM ta sayar da sashenta na Watson Health bayan shekarun da aka yi ana zuzuta shi. A ɓangaren masu tasowa kuwa, Babylon Health ta Birtaniya an yi mata ƙimar sama da dala biliyan 4 a 2021, a 2023 ta durƙushe, har da aikinta na Ruwanda. Hannun jarin da ƙaramin kamfani zai ba ka a madadin wani ɓangare na albashi, ka ɗauke shi a matsayin takarda har sai ranar da ya zama kuɗi.

Akwai wani haɗarin da ba na aljihu ba, kuma shi ya fi damuna. Kamfani na ɗaukar likita ne a wani ɓangare don sunansa ya sa asibitoci su yarda. Za a kai ka gaban abokan sana'arka ka ce abin nan yana aiki. A 2021 masu bincike a jami'ar Michigan sun gwada manhajar Epic mai hasashen cutar gubar jini a kan majinyatansu, suka buga a mujallar JAMA Internal Medicine cewa ta kasa gano kashi 67 cikin 100 na masu cutar, alhali tana yin gargaɗi a kan kashi 18 na duk waɗanda aka kwantar. A lokacin asibitoci da yawa sun riga sun kunna ta. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta cika kasuwa, irin wannan tambaya za ta riƙa zuwa teburin likitan kamfani kowane wata. Kafin ka karɓi aikin, ka tambaya ƙarara: idan na ce kada a saki wannan sai an ƙara gwaji, wa ke da ikon ƙetare maganata? Amsar da za a ba ka ta fi adadin albashin muhimmanci.

Shiga ba ta da wahala ga mai ɗan tarihi a hanya ta farko. Komawa asibiti ce ke wahala, sai dai idan tun farko ka sa a rubuta cewa kana da kwana ɗaya a mako na duba majinyata. Kamfanoni masu hankali suna yarda, don su ma amfaninsu ne.

Hanya ta huɗu: lafiyar al'umma, ma'aikatu da ƙungiyoyi

A nan majinyacinka ƙasa ce gaba ɗaya. Manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, ma'aikatun lafiya a ƙasashe sama da 70 ne ke tattara alƙalumansu da ita. OpenMRS ta faro a 2004 daga haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief da ƙungiyar Partners In Health, an fara amfani da ita wajen kula da masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya. Duka biyun kyauta ne kuma a buɗe suke, kowa na iya saukewa ya koya a kwamfutarsa, ga jama'ar da ke amsa tambayoyi ta intanet. Ta fuskar kuɗin koyo ba ta da tsada ko kaɗan.

Aikin yau da kullum tsaftace alƙaluma ne. Za ka buɗe rahoto ka ga wata gunduma ta yi wa yara rigakafi sama da kashi 100 cikin 100. Sai ka bi sawu: ƙila yawan yaran da aka raba da shi hasashe ne daga tsohuwar ƙidaya, ƙila iyaye na tsallakowa daga maƙwabciyar gunduma, ƙila ma'aikaciya ɗaya ce ke cike rajista huɗu na ƙungiyoyi huɗu a ƙarshen wata daga abin da ta tuna. Likitan da ya taɓa cike irin wannan rajista ya fi kowa saurin gane wanne ne. Gyaran da za ka yi na iya sauya inda za a aika allurar rigakafi ga dubban yara, sai dai ba za ka ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haɗarin a nan kuɗin tallafi ne da siyasa. Yawancin guraben kwantiragi ne na shekara biyu ko uku da ke rataye a wuyan mai ba da tallafi, kuma dakatar da tallafin Amurka na ƙetare a farkon 2025 ya tsayar da ayyukan lafiya masu yawa farat ɗaya. Manyan shirye-shiryen gwamnati ma na faɗuwa: shirin Ingila na haɗa dukkan kundin majinyatan NHS an fara shi a 2002, aka sanar da rushe shi a 2011, kuɗinsa ya tasam ma fam biliyan 10. Wannan hanya ce kuma ta fi nisanta likita da gefen gado.

Bincike a jami'a

Digirin digirgir na shekara uku zuwa biyar, da ƙaramin alawus, sannan rayuwar neman kuɗin bincike. Ta dace da wanda tambaya ɗaya ta hana shi barci, misali yadda za a tabbatar manhajar hasashe tana aiki a asibitin da ba a can aka gina ta ba. Idan muƙami kake nema, akwai hanyoyin da suka fi ta kusa.

| Hanya | Abin da za ka kashe | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari | Duba majinyata |
|---|---|---|---|---|---|
| Zama a asibiti | Kaɗan | Matsakaiciya, sai ka koyi tushe | Mai sauƙi | Aiki biyu, albashi ɗaya | Yana ci gaba |
| Horo ko digiri na biyu | Mai yawa | Mafi kyau | Horon na da sharaɗi, digirin a buɗe yake | Takarda ba aikin nunawa | Yana raguwa na ɗan lokaci |
| Kamfani | Babu | Ya dogara da kamfanin | Matsakaici | Rushewa, da sayar da sunanka | Sai ka sa a rubuta |
| Lafiyar al'umma | Kaɗan | Mai kyau | Matsakaici | Yankewar tallafi | Galibi yana tsayawa |
| Bincike | Shekaru masu yawa | Mai kyau | Mai wuya | Rashin kuɗin bincike | Ana iya haɗawa |

Tambayar da kusan kowa ke yi ita ce ko sai ya iya rubuta manhaja. A hanya ta farko da ta uku ba dole ba ne, akwai injiniyoyin da suka fi ka iyawa nesa ba kusa ba. Amma ka koyi yaren kwamfuta na SQL har ka iya ciro amsar tambayarka daga rumbun bayanai ba tare da ka jira wani ba, ka kuma taɓa yaren R ko Python gwargwadon lissafin ƙididdiga. A bincike da lafiyar al'umma kuwa, waɗannan kayan aikin kullum ne.

Wace ce taka?

Idan ba ka gama horon ƙwarewarka ba, ka gama tukuna. Fannin nan ba zai gudu ba, kuma likitan da ke da fanninsa ya fi samun kunnen abokan aiki, ya fi kuma samun wurin komawa. Kafin nan ka nemi shiga kwamitin kundin majinyaci na inda kake, ka ɗauki ƙaramin aiki ɗaya ka kai shi ƙarshe.

Idan babban likita ne kai, da iyali da nauyi a kanka, kuma manhajar ce ke ba ka haushi, hanya ta farko taka ce. Ka haɗa ta da gajeren kwas, digirin ya biyo baya idan ka ga kana son shugabancin.

Idan ka yi horonka a Amurka, yanzu ka gama, ba ka saba da babban albashi ba tukuna, horon shekara biyun ba zai taɓa yi maka araha kamar yanzu ba.

Idan abin da ke damunka shi ne majinyatan da ba su ma iso asibiti ba, ka sauke DHIS2 ko OpenMRS ka yi wata biyu kana koyo da dare. Idan har lokacin kana jin daɗinsa, ka nemi aikin, amma ka tanadi abin da zai riƙe ka tsakanin kwantiragi da kwantiragi.

Idan kana son ganin abin da ka gina ya kai asibitoci masu yawa cikin sauri, kuma za ka iya jure wayar gari ba aiki, ka tafi kamfani, da sharaɗi biyu a rubuce: kwananka na asibiti, da ikonka na tsayar da abin da bai nuna ba.

Wanda kuma gajiya ce ta kawo shi, ina ganin ya fara neman ragin aiki ko sauyin sashe na wata shida, ya huta, sannan ya sake tambayar kansa. Idan bayan ya samu barci har yanzu yana kwana da tunanin yadda za a gyara fom ɗin sallamar nan, to ya je wurin shugaban sashensa ya nemi a ware masa kwana ɗaya a mako, a rubuce.